Kusurwa, Da'ira da Shiyya Uku: Lissafin Siffofi a Harshen Klingon

A harshen Klingon, kusurwa sunanta *tajvaj*. Da'ira ita ce *gho*, alwatika *ra'Duch*, murabba'i kuwa *meyrI'*. Babu wata al'umma a doron ƙasa da ta gaji waɗannan kalmomi daga kaka da kakanni. Mutum ɗaya ne ya ƙaga su, Ba'amurke masanin harshe mai suna Marc Okrand, domin bakin wasu halittu na almara da ke cikin fina-finan Star Trek. Duk da haka kalmomin suna da ƙa'ida, suna da tarihin shigowarsu ɗaya bayan ɗaya, akwai kuma mutanen da suke zance da su a yau. Bin sawunsu yana nuna yadda ƙagaggen harshe yake girma: abin da aka fara buƙata shi ake fara raɗa wa suna, kuma a wajen Klingon jirgin yaƙi ya riga ɗakin karatu neman kalma.

Asalin harshen

Star Trek shirin talabijin ne da Gene Roddenberry ya ƙirƙira, aka fara nuna shi a Amurka a 1966. Labari ne na wani kumbo da ma'aikatansa da ke yawo tsakanin taurari. A 1967 aka fara shigo da Klingon cikin labarin, jinsin mayaƙa masu zafin rai da ɗaukaka jarunta, waɗanda daga baya aka kira duniyarsu Qo'noS. A wancan lokaci Turanci suke yi kamar kowa. Sai a fim na farko, wanda ya fito a 1979, aka ji sun furta 'yan kalmomi na kansu, waɗanda James Doohan, ɗan wasan da ke fitowa a matsayin injiniyan kumbon, ya taimaka wajen tsarawa.

Da aka zo shirya fim na uku, wanda ya fito a 1984, kamfanin Paramount ya ɗauki Okrand ya gina cikakken harshe a kan waɗancan 'yan sautuka. An haifi Okrand a 1948, ya yi digirinsa na uku a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley a 1977, inda ya rubuta nahawun Mutsun, wani harshen 'yan asalin Kalifoniya da masu jin sa suka ƙare. Ya san abin da harsunan duniya suka saba yi, saboda haka ya riƙa zaɓar abin da ba su cika yi ba, don harshen ya fito baƙo a kunne. A 1985 ya wallafa ƙamus da taƙaitaccen nahawu mai suna The Klingon Dictionary, aka sake buga shi da ƙari a 1992. A shekarar ta 1992 ne kuma Lawrence Schoen ya kafa Cibiyar Harshen Klingon a jihar Pennsylvania. Masu harshen suna kiransa *tlhIngan Hol*.

Yadda ake karanta kalmomin

Manyan haruffan da ake gani a tsakiyar kalma ba ado ba ne, kuma ba kuskuren bugu ba ne. Harshen yana da baƙaƙe 21 da wasula 5, kuma girman harafi wani ɓangare ne na rubutun sautin. *q* da *Q* baƙaƙe ne daban, kamar yadda k da ƙ suka bambanta a Hausa. Ƙaramin yana kama da ƙaf na Larabci, babban kuma shi ne dai sautin amma da gurzawa mai ƙarfi a maƙogwaro. *H* tana kama da harafin farko na kalmar Larabci khamsa, *gh* kuma kamar na farkon ghaibu. Ana furta *D* da *S* da harshe a lanƙwashe zuwa ganɗa. *I* gajeren wasalin i ne, ana rubuta shi babba a ko'ina. *tlh* baƙi ɗaya ne ko da yake haruffa uku ne: a kafa harshe kamar za a ce t, sannan a saki iska ta gefensa.

Alamar ' cikakken baƙi ce, hamzar nan da ke cikin sa'a da jama'a. Mai jin Hausa ba ya shan wahala da ita. Cire ta yana sauya ma'ana: *gho* da'ira ce, *gho'* kuwa taka abu da ƙafa.

Abin da ƙamus ya fara kawowa

Kalmomin siffa da ke cikin ƙamus ba su da yawa, kuma duk suna da warin ɗakin matuƙi. Akwai *gho*, da'ira, da *moQ*, mulmulallen abu kamar ƙwallo ko duniya. Akwai *tlhegh*, wadda take nufin layi, take kuma nufin igiya. Akwai *HeH*, bakin abu ko gefensa, da *botlh*, tsakiya, da *veH*, iyaka. Kusa da su akwai *He*, hanyar da jirgi ya ɗauka, da *chuq*, tazara, da *Quv*, lambobin da ke nuna matsayin abu a sararin samaniya. Waɗannan su ne abin da kwamanda zai nema idan yana ba da umarni a nufi wata duniya ko a auna nisan abokin gaba.

Sauran duk aikatau ne, domin harshen Klingon ba shi da rukunin sifa daban. Abin da wani harshe zai faɗa da sifa, Klingon da aikatau yake faɗarsa. *chong* na nufin kasancewa a tsaye cak, *SaS* kasancewa a kwance, *beQ* kasancewa a baje sumul, *SIH* lanƙwasa. *Don* kuwa ita ce tafiyar layi biyu kafaɗa da kafaɗa ba tare da sun taɓa haɗuwa ba, kamar ƙarafan layin dogo. Aikatau yana zuwa kafin mai aikin, saboda haka *chong tlhoy'* na nufin bango yana tsaye, *SaS rav* daɓe yana kwance, *Don cha' tlhegh* layi biyu suna tafiya a jere. Idan aka ƙara ɗafa-ƙeyar *-moH*, wadda ke nuna sa abu ya faru, sai a sami *chongmoH*, tsayar da abu, da *SaSmoH*, kwantar da shi.

Biyu daga cikin waɗannan kalmomi sun sami ma'ana ta biyu a littafin da Okrand ya fitar a 1997, Klingon for the Galactic Traveler, wanda ya tattara karin harshe da zaurancen matasa. A can, *chong* takan nufi mai zurfin tunani da bin diddigi, *SaS* kuma mai kallon abu sama-sama. Layin tsaye yana nutsewa cikin al'amari, na kwance yana shawagi a bisa.

Kalmar da ta riga kusurwa zuwa

Mafi ban mamaki a ƙamus na 1985 ita ce *taH*, aikatau mai ma'anar kasancewa a kusurwar da ta yi ƙasa da sifili. A lissafi, idan aka ɗauki layin kwance a matsayin sifili, abin da ya ɗaga sama yana da kusurwa mai ƙari, abin da ya sunkuya ƙasa kuma yana da mai ragi. Jirgin da ya sa hanci ƙasa yana cikin hali na biyu. Ke nan harshen ya mallaki kalma guda ta wannan ƙeɓantaccen hali shekaru da dama kafin ya sami sunan kusurwa ita kanta. Babu harshen da mutane suka gada da zai girma ta wannan hanya, amma harshen da aka gina don fim ɗin yaƙin kumbo haka ya taso.

Kalmar ta sake ɗaukar wani kaya a fim na shida, na 1991. An buƙaci Janar Chang, wanda Christopher Plummer ya fito a matsayinsa, ya furta wani sanannen layi na wasan Hamlet na Shakespeare, mai tambaya kan kasancewa ko rashinta, da harshen Klingon. Matsalar ita ce Okrand da gangan ya ƙi sa wa harshen aikatau na kasancewa zalla. Ya fara kawo *yIn*, rayuwa, amma Plummer ya ga sautin ya yi laushi da yawa a bakin jarumi. Sai Okrand ya ɗauko ɗafa-ƙeyar *-taH*, mai nuna ci gaban aiki, ya mayar da ita aikatau mai ma'anar ɗorewa. Tun daga nan *taH* ta zama kalma biyu masu sauti ɗaya, ɗaya ta matuƙi, ɗaya ta mai falsafa.

Kalmomin matuƙa sun ƙaru daga baya. Jirgi yana iya juyawa ta hanya uku, kuma kowace tana da aikatau nata. *tor* ita ce ɗaga hanci ko sunkuyar da shi, kuma kalmar dama tana nufin durƙusawa. *ron* ita ce karkata fiffike ɗaya ƙasa ɗaya sama. *Der* ita ce juya hanci dama ko hagu. Yanayin da jirgin ya tsaya a ciki bayan duk wannan shi ne *lol*, kalmar da ake amfani da ita kuma ga tsayuwar mai shirin faɗa.

Kusurwa, gefe da siffofi

*tajvaj* tana cikin kalmomin da suka shigo bayan ƙamus. Ana furta *j* ɗinta kamar ta jaki. Mai koyo yakan riƙe ta cikin sauƙi, domin gaɓar farko ta yi daidai da *taj*, wuƙa, kuma kusurwa tsinin siffa ce. Jam'inta *tajvajmey*. Klingon yana da ɗafa-ƙeyar jam'i uku: *-pu'* ga halittu masu magana, *-Du'* ga gaɓoɓin jiki, *-mey* ga duk sauran abubuwa, har da siffofi. Idan lamba ta gabaci suna, ba dole ba ne a sa alamar jam'i.

Jimla guda ta isa nuna ginin harshen. *wej tajvaj ghaj ra'Duch* na nufin alwatika tana da kusurwa uku. Idan aka bi kalmomin yadda suka jeru, sai a karanta: uku, kusurwa, mallaka, alwatika. Karɓau ne a farko, aikatau a tsakiya, aikau a ƙarshe. Wannan jeri yana cikin mafi ƙaranci a harsunan duniya, kuma shi ya sa Okrand ya zaɓe shi. Wajen mallaka, mai abu ne ke gaba: *ra'Duch tajvaj*, kusurwar alwatika, *gho botlh*, tsakiyar da'ira. Aikatau mai bayyana hali yana iya bin suna ya yi aikin sifa: *tajvaj mach*, ƙaramar kusurwa, *gho tIn*, babbar da'ira. Idan aka juya aka ce *tIn gho*, ya zama cikakkiyar jimla, wato da'irar babba ce.

Gefen siffa daga gini aka aro sunansa. Klingon yana raba bango biyu: *tlhoy'* shi ne bangon ciki, wanda ke raba ɗaki da ɗaki, *reD* kuma bangon waje, wanda ke raba gini da fili. Da aka zo lissafi, *reD* ce aka ba aikin gefen siffa, kuma zaɓin ya dace, tun da gefen murabba'i shi ne ke raba cikinsa da wajensa. Saboda haka *loS reD ghaj meyrI'* na nufin murabba'i yana da gefe huɗu. Mai gefe huɗu wanda tsawonsa ya fi faɗinsa, kamar ƙofa ko allo, shi ne *letbaQ*.

Ga siffofin da gefensu ya wuce huɗu, harshen bai ƙaga wa kowace suna ba. Ya ba da kalma ɗaya, *mey'*, ga duk siffar da miƙaƙƙun layuka suka kewaye, sannan a sa lamba da *reD* a gabanta. *vagh reD mey'* ita ce mai gefe biyar, *jav reD mey'* mai gefe shida irin ramin saƙar zuma, *chorgh reD mey'* mai gefe takwas. Duk wanda ya iya ƙirga ya iya kiran sunan kowace.

A siffofi masu jiki, ban da *moQ* akwai *buq'Ir*, mai fuska shida murabba'ai daidai wa daida, da *ngogh*, curi ko bulo, da *'Impey'*, dala. An san Okrand da ɓoye barkwanci cikin kalmomi. Kalmarsa ta abu biyu masu tafiya tare, *chang'eng*, sunayen Chang da Eng ne, tagwayen nan 'yan Siyam da aka haifa manne da juna a ƙarni na 19. Masu nazarin harshen suna jin sunan I. M. Pei a cikin *'Impey'*, wato mai zanen ginin da ya tsara dalar gilashi ta gidan tarihin Louvre a Faris, wadda aka buɗe a 1989.

Ƙarshen abu da matsayinsa

Inda harshen ya yi rowa wajen sunayen siffofi, ya yi kyauta wajen ƙarshen abu. Dogon abu kamar sanda ko igiya yana da baki biyu, kuma kowane da sunansa, *megh'an* da *'er'In*. Ba a ƙayyade wanne ne wanne ba tun farko, amma da zarar an kira ɗaya da suna guda, ɗayan ya ɗauki na biyu. Abin da ake shiga cikinsa, kamar rami ko doguwar hanyar cikin gini, ƙarshensa *qa'rI'* ne, buɗaɗɗen bakinsa kuma *DIn*. Waƙa da labari ma kowanne yana da tasa kalmar ƙarshe.

Wajen faɗin inda abu yake, Klingon da sunaye yake aiki. *Dung* shi ne wurin da ke bisa, *bIng* na ƙasa, *retlh* na gefe, *joj* na tsakani, *tlhop* na gaba, *'em* na baya, *qoD* ciki, *Hur* waje, *poS* hagu, *nIH* dama. Ana sa sunan abu, a bi shi da sunan wurin, a rufe da ɗafa-ƙeyar *-Daq* mai ma'anar a ko zuwa. *Duj bIngDaq* na nufin a ƙarƙashin jirgi, *qach retlhDaq* a gefen gini. Dabarar ba baƙuwa ba ce ga Hausa, wadda ita ma da sunaye irin su kai, gaba, gefe da ƙarƙashi take nuna matsayi. Jerin kalmomin ne kawai ya juya.

Shiyya uku

A nan ne lissafin kusurwa ya fi fitowa fili. Mutanen duniya sun raba sarari huɗu, gabas da yamma, kudu da arewa, tsakanin kowace shiyya da maƙwabciyarta digiri 90. Klingon uku ya raba shi: *chan*, *tIng* da *'ev*. A ma'aunin da ke ɗaukar arewa a matsayin sifili ya kewaya ta dama zuwa digiri 360, *chan* tana kan 90, wato gabas sak. *tIng* tana wajen 220, kudu maso yamma. *'ev* tana wajen 320, arewa maso yamma.

Rabon bai zo daidai ba. Daga *chan* zuwa *tIng* digiri 130 ne, daga *tIng* zuwa *'ev* 100, daga *'ev* a koma *chan* 130. Idan aka zana layukan uku daga tsakiya, za a ga ɗaya ya miƙe gabas shi kaɗai, biyun kuma sun buɗe ta yamma kamar gwafa. Gabas ce kaɗai shiyyar da tsarin biyu suka yi tarayya a kanta.

Sauran shiyyoyi da haɗa kalmomi ake samun su. *tIng 'ev* ita ce tsakanin biyun, kuma tsakiyar 220 da 320 ita ce 270, yamma sak. *'ev chan* tana faɗawa wajen digiri 25, *tIng chan* wajen 155. Arewa da kudu ba su da gurbin kansu, sai an ƙara kalma ta uku. *'ev chan 'ev* tana tsakanin *'ev* da *'ev chan*, ta kauce wa arewa da 'yan digiri ta ɓangaren yamma. *tIng chan tIng* ita ma haka take da kudu. Kalmomin sunayen wuri ne kamar na baya, saboda haka *veng chan* na nufin yankin da ke gabas da birni. Inda Bahaushe zai ce an nema gabas da yamma, kudu da arewa, mai Klingon cewa yake *tIngvo' 'evDaq chanDaq*, daga *tIng* zuwa *'ev* zuwa *chan*, ma'ana ko'ina da ina.

Ƙirga da awo

Uku ba a shiyya kaɗai ta tsaya ba. Tambarin daular Klingon tsini uku gare shi. Ƙamus ya bayyana cewa asalin ƙirgarsu a kan uku aka gina ta, daga baya suka koma ta goma don su daidaita da sauran al'ummomin taurari. Lambobin yanzu su ne *wa'*, *cha'*, *wej*, *loS*, *vagh*, *jav*, *Soch*, *chorgh*, *Hut*, daga ɗaya zuwa tara, da *pagh*, sifili. Ana ƙara *maH* a sami gomiya, *vatlh* a sami ɗari, *SaD* ko *SanID* a sami dubu. Digiri 90 na kusurwar murabba'i lambarsa *HutmaH*, 360 na da'ira kuma *wejvatlh javmaH*.

Ma'aunin tsawo shi ne *'uj*, kimanin santimita 35, wato bai kai kamu ɗaya ba. Da ɗafa-ƙeyar girmamawa *-'a'* ana samun *'uj'a'*, wato *'uj* tara, da ta ƙanƙantawa *-Hom* kuma *'ujHom*, kashi ɗaya cikin tara. Tara uku sau uku ce, alamar tsohuwar ƙirga ke nan. Na nisa shi ne *qelI'qam*, kusan kilomita 2, wanda ake yawan ji a fina-finan idan ana auna tazarar jiragen yaƙi.

Kowace fuskar awo da aikatau nata: *'ab* ga tsayin abin da ke tsaye, *'aD* ga tsawo, *juch* ga faɗi, *Saw'* ga zurfi. Adadin da aka auna shi ne karɓau. *vagh 'uj 'ab loD* na nufin tsayin mutumin *'uj* biyar ne, kusan santimita 175.

Lissafi sunansa *mI'QeD*, ilmin lamba, kuma harshen yaƙi ya bi shi har can. Aikatau na tarawa shi ne *boq*, ƙulla ƙawance. *wa' boq cha', chen wej* na cewa biyu ta ƙulla ƙawance da ɗaya, uku ta samu. Ɗebewa *boqHa'* ce, warware ƙawance. Ninkawa *boq'egh*, ƙawance da kai: *cha'logh boq'egh wej, chen jav*, uku ta yi ƙawance da kanta sau biyu, shida ta samu. Rabawa kuma *boqHa''egh*. Da waɗannan da kalmomin awo, ana iya faɗin tsawo da faɗin *letbaQ* a ninka su ba tare da aron ko kalma ɗaya daga wani harshe ba.

Inda sababbin kalmomi ke fitowa

Masu jin Klingon sun ɗora wa kansu doka: ba sa ƙaga tushen kalma. Suna iya haɗa waɗanda ke akwai ko su kewaya da bayani, amma sabuwar kalma sai ta fito daga Okrand kafin a karɓe ta. Shi kuma yana gabatar da kansa ne a matsayin mai bincike kawai, wanda ke tambayar wani ɗan Klingon mai suna Maltz, fursunan da aka kama a ƙarshen fim na uku. Duk bayanin da ya kawo yakan zo da cewa Maltz ya ce kaza, ko Maltz bai so tambayar ba. Kowa ya san wasa ne, kowa kuma yana kiyaye shi, domin shi ne ya hana harshen tarwatsewa.

A da, yawancin sababbin kalmomi a mujallar cibiyar, HolQeD, suke fitowa. Yanzu an fi bayyana su a taruka biyu na shekara-shekara: *qep'a'*, babban taron cibiyar, da *qepHom*, wanda Lieven Litaer ke shiryawa a Saarbrücken ta ƙasar Jamus. Kafin babban taron, membobi sukan jera kalmomin da suka rasa, su kaɗa ƙuri'a, a miƙa wa Okrand waɗanda suka yi rinjaye. Wannan ne ya sa kalmomin siffofi suka zo a warwatse cikin shekaru masu yawa. Fim ya buƙaci jirgi da makami. Masu fassara da masu koyarwa ne suka zo daga baya suna neman alwatika da dala.

Masu jin harshen sosai ba su da yawa. Arika Okrent, a littafinta na 2009 kan ƙagaggun harsuna, ta ƙiyasta su tsakanin 20 da 30. Masu koyo sun fi haka nesa ba kusa ba, musamman tun da manhajar Duolingo ta buɗe darasin Klingon a 2018. An fassara Hamlet a 1996, an kuma yi wasan opera da harshen a birnin Hague a 2010. Harshen da ya fara da umarnin harbi yanzu yana iya faɗin kusurwa nawa alwatika take da su, ya kira sunan siffa mai gefe takwas, ya auna tsayin mutum, ya nuna yamma ba tare da yana da kalmar yamma ba. Kalma ta gaba da za ta shiga wannan jeri ita ma sai wani ya nema, Okrand ya amsa.